Daga Orléans zuwa bakin teku a kan keke: shaidar wanda ya bi hanyar Kogin Loire

Sau uku na bi hanyar keke ta Kogin Loire a Faransa, sau biyu daga gabas zuwa teku, sau ɗaya na juyo da baya. Abin da ke nan shaida ce ta abin da ido ya gani da abin da jiki ya ji, saboda 'yan'uwa da ke karatu ko aiki a Turai, da masu hawan keken nesa na gida da ke tambaya ko tafiyar za ta yiwu. Za ta yiwu. Amma duk wanda ya ji an ce hanyar shimfiɗe take, babu tudu, ya ɗauka magana ta ƙare, shi ake gani a tashar jirgin ƙasa rana ta uku, yana tura kekensa, yana tafiya a buɗe kamar yaron da aka yi wa kaciya.

Loire, da Faransawa ke kira Luwar, shi ne kogi mafi tsawo a ƙasar, ya ɗara kilomita 1,000 kaɗan. Hanyar keken da aka shata a gefensa ana ce mata La Loire à Vélo, kimanin kilomita 900 ce in aka haɗa da rassanta, daga Cuffy kusa da Nevers zuwa Saint-Brevin-les-Pins a gaɓar Tekun Atlantika. Ita ce kuma farkon babbar hanyar EuroVelo 6 da ke ratsa Turai har Bahar Aswad. Ba sai an bi ta duka ba. Inda gidajen sarauta suka fi yawa, waɗanda suke kira shato, shi ne daga Orléans zuwa Angers, kuma a 2000 UNESCO ta sa kwarin kogin, daga Sully-sur-Loire zuwa Chalonnes, cikin wuraren tarihi na duniya. Daga Orléans zuwa teku kilomita 450 zuwa 500 ne, gwargwadon ratsen da mutum ya yi. Kwana takwas ya isa, a kan kilomita 60 zuwa 70 kullum. Mai ƙarfi zai iya 120 a yini, sai dai babu abin da zai gani ban da tayarsa ta gaba.

Keken tsere yana yin hanyar, amma da sharaɗi. Yawancinta kwalta ce, sai dai akwai wurare na dandaƙaƙƙiyar tsakuwa, da titunan tsofaffin garuruwa da aka shimfiɗa wa duwatsu. Siririyar taya ta milimita 23 ko 25 azaba ce a nan. A sa ta milimita 32 in firam zai ɗauka, in ba zai ɗauka ba 28. Iska kuma kada a cika ta har taya ta koma kamar dutse. Mutum mai kilo 75 da kayan kilo 10, a tayar 32, iska bar 4.5 zuwa 5 a ma'aunin famfo ta isa a baya, 4 a gaba. In ta yi yawa, kowane tsakuwa sai ya hau hannu da gadon baya. In ta yi kaɗan, bakin rim zai datse tiyub a ramin farko. Giya kuma a tabbatar akwai mai laushi, faranti mai haƙora 34 a gaba da 32 ko 34 a baya. Mutum zai ce me zai yi da ita a fili. Amsar tana gaba: shato da yawa a kan tudu aka gina su, kuma duk inda hanya ta bar kogi ta shiga gonakin inabi, kamar wajen Montlouis da tsakanin Montsoreau da Saumur, akwai gajeren hawa mai tsaye da ke zuwa ba sallama.

Kaya kada su wuce kilo 10 zuwa 12 ga mai kwana a masauki. Rigar keke biyu, wando biyu, rigar ruwa ɗaya, kayan yamma kala ɗaya, shi ke nan. Kowane dare a wanke na yau, a sa na jiya da ya bushe. Mafi yawan kekunan tsere na kabon ba su da ramukan ɗaura kariyar kaya, kuma matse musu kariya da ƙarfe yana iya tsaga firam, don haka jakar da ake ɗaurawa ƙarƙashin sirdi da ta gaban hannu su ne mafita. Jakar goyo kuwa a manta da ita. Kilo biyar a baya na tsawon awa shida, duk a kan mazaunai yake sauka.

Maganar mazaunai ita ce maganar da kunya ke hana mutane yi, ita ce kuma ta fi mayar da su gida. A hanya mai tudu mutum yana tashi tsaye a kan feda, yana gangarawa, jiki yana sauya zama. A fili kuwa zama ɗaya ne tun safe har yamma, wuri ɗaya ke shan nauyi da gumi da guga. Wandon keke mai soso a ciki ana sa shi ne a kan fata kai tsaye, ba a sa ɗan kamfai a ƙarƙashi, domin ɗinkin kamfai shi ke yanka fata. Wanda bai son fita da matsattsen wando ya ɗora sako-sako a sama, ba ya rage komai. A shafa mai kafin a hau. Akwai na kanti da aka yi don haka, amma man kaɗanya yana aikin. Duk minti goma sha biyar a miƙe tsaye a kan feda na daƙiƙa ashirin ko da babu dalili. Da an sauka da yamma a cire wandon nan take, a yi wanka, kada a zauna shan shayi da shi. Ƙurjin da ya fito a wurin, in aka ci gaba da hawa a kansa, maruru yake zama.

Tsayin sirdi a gyara shi tun a gida. A zauna, a ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa; in ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba, an kusa daidai. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ne ya yi ƙasa, ciwo a bayanta ya yi sama. Gyaran milimita uku zuwa biyar ake yi a lokaci ɗaya, a hau yini guda a gani. Sabon sirdi da sabon takalmi ba a fara su a ranar tafiya.

Sai iska. A wannan yanki ta fi busowa daga yamma, daga teku, kuma dogon ɓangare na hanyar a kan ganuwar ƙasa yake, wadda aka tayar tun ƙarnuka da suka wuce don tare ambaliya. A samanta babu bishiya babu gini, kai ne abu mafi tsayi. Mai bin ruwa zuwa teku yana ganin kamar gangara zai yi, alhali gangarar ba ta kai a ji ta a ƙafa ba, iskar kuwa ana jin ta. Mutumin da ke yin kilomita 24 a awa sai ya koma 15, da ƙarfi iri ɗaya. A ganina wanda bai damu da ya ƙare a bakin teku ba, ya fara daga Nantes ya nufi gabas, iska na tura shi. Wanda ya nace sai yamma, ya fita da sassafe, domin ta fi tashi bayan azahar. In ta tare ka, a sauke giya, ƙafa ta riƙa juyawa sau 80 zuwa 90 a minti. Danna giya mai nauyi don nuna jarumta gwiwa yake ci. In ku biyu ne ko uku, ku riƙa karɓeɓeniyar gaba duk kilomita ɗaya ko biyu, na baya ya laɓe a bayan na gaba.

Daga Orléans, garin da jarumar Faransa Jeanne d'Arc ta kori Turawan Ingila daga kewayensa a 1429, hanya tana bi ta Beaugency mai tsohuwar gadar dutse. Gaba kaɗan sai a hango hasumiyoyin tashar nukiliya ta Saint-Laurent suna fitar da farin tururi. Huɗu ne irinta a bakin kogin nan. Ɗan Nijar ba ya wuce su bai tuna Arlit ba, inda aka shafe shekaru ana haƙo yuraniyom ana kawowa Faransa, ƙauyukanmu na kwana a duhu. Daga nan ake ratsewa kudu cikin daji zuwa Chambord.

Chambord ya cancanci ratsen. Sarki François na Ɗaya ya fara gina shi a 1519, ɗakuna sama da 400, katangar da ta kewaye dajinsa kilomita 32, kuma duk kwanakin da ya yi a ciki ba su kai wata uku ba. A tsakiyarsa akwai matakala biyu da suka nannaɗe juna, mai hawa da mai sauka suna hango juna ta taga amma ba sa haɗuwa. Abin lura ga mai keke shi ne, gida irin wannan yana cin awa biyu zuwa uku, kuma tsayuwa da yawo a kan dutse gajiya ce ta daban da ake ɗorawa a kan ta feda. Shato ɗaya a yini ya isa. Wanda ya jera uku a takardarsa, na ukun a rufe zai same shi, ko ya shiga yana neman benci. A tafi da makulli mai ƙarfi, a ɗaure firam da tayar baya a jikin ƙarfe, a ɗauki jakar gaba mai fasfo da kuɗi a shiga da ita. Takalmin keke mai ƙarfe a tafinsa yana santsi a kan tsohon daɓen dutse, silifas ɗaya a jaka yana maganin wannan. Wanda ya zauna cikin ciyawar dajin kuma ya duba jikinsa da dare, akwai kaska mai sa cutar Lyme.

Abinci yana da nasa tarko. Ƙauyen Faransa ba kamar namu ba ne da ko'ina akwai mai shayi da mai ƙosai. Gidan burodi da ƙaramin kanti sukan rufe wajen ƙarfe ɗaya na rana, sai uku ko huɗu su buɗe. Gidan abinci yana ba da na rana daga sha biyu zuwa biyu, bayan nan ko kana kuka ba za a kunna wuta ba. Lahadi da yamma kusan komai a rufe, da yawa kuma har Litinin. Don haka abincin rana da safe ake sayensa. A kan keke jiki yana buƙatar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko zaƙi kowace awa, wato ayaba ɗaya da dabino uku ko huɗu, kuma tun awa ta farko ake fara ci, kafin yunwa ta yi magana. Wanda ya jira sai ya ji ta, zai ga ƙafa ta mutu farat ɗaya, hannu na rawa, kai na juyawa, kuma kafin ya dawo daidai sai an yi kusan awa guda. Musulmi ya kula da abin da suke kira rillettes da rillons, da yankin Tours ya shahara da su: naman alade ne, kuma shi ake cusawa a burodin da ke kan kanta. Cukun akuya na Sainte-Maure, ƙwai, kifin gwangwani da tumatir sun wadatar a ƙauye, naman halal kuma sai manyan garuruwa, Blois, Tours, Angers, Nantes. Kilishi kada a ɗauko daga gida, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama a jakar matafiyi, a filin jirgi za a karɓe.

Ruwa gora biyu, a sha rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a awa, fiye da haka in ana zafi, domin a Yuli da Agusta wani lokaci yakan kusa digiri 40. Mayu, Yuni da Satumba sun fi daɗi. In gora ta ƙare a ƙauyen da ba kowa a waje, a nemi maƙabarta. Kusan kowace tana da famfo kusa da ƙofa, na masu ba furanni ruwa. In an rubuta eau non potable a jiki, ba na sha ba ne, amma yana alwala. Kogin kansa kada a shiga, komai kyan yashinsa. Yashin yana zaftarewa ƙarƙashin ƙafa, akwai ramuka da ruwa mai ja, yana cin mutane.

Amboise ce wurin da ya kamata a ba yini guda. Mutane suna zuwa ne saboda Leonardo da Vinci, shahararren mai zane ɗan Italiya, wanda ya zauna a gidan Clos Lucé daga 1516 har ya mutu a 1519. Amma in ka hau gidan sarautar, ka wuce inda 'yan yawon buɗe ido ke cunkoso, ka nufi can ƙarshen lambu, akwai wani fili shiru da aka jera duwatsu 25 masu rubutun Larabci. A gidan nan Faransa ta tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya da iyalinsa da mabiyansa daga 1848 zuwa 1852, bayan ya shafe shekara goma sha biyar yana yaƙarta. Sanyi da cuta suka kashe mutum 25 daga cikinsu, har da ƙananan yara, a nan aka binne su. Daga wurin ana hango kogin a ƙasa, da rufin gidajen garin masu launin toka. Ba a rasa wanda ya tsaya ya ɗaga hannu yana musu addu'a, da hular kwano a rataye a gwiwar hannu. Daga Amboise kuma kilomita goma sha 'yan kai ne zuwa Chenonceau, gidan da aka gina a kan Kogin Cher kamar gada. A Yaƙin Duniya na Biyu iyakar yankin da Jamus ta mamaye a kan kogin ta bi, ƙofa ɗaya tana cikin mamaya, ɗayar tana waje, an tsallakar da mutane ta cikinsa. Hanyar zuwa can tana da hawa, a nan giyar nan mai laushi take biyan kuɗinta.

Faci kuwa dole ne, yawanci a tayar baya. A sa sarƙa a kan ƙaramin haƙori na baya kafin a cire ƙafar, mayarwa za ta yi sauƙi. A zare tiyub, a hura masa iska, a nemo hujin kafin a taɓa sabo. Huji biyu a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan rim ya datse. Huji ɗaya ta waje, akwai abin da ya shiga, kuma yana nan. A bi cikin tayar da yatsa a hankali har a ji shi, ƙaya ko ɗan tsinin dutse da bai kai ƙwayar gero ba. Wanda ya tsallake wannan zai sa sabon tiyub ya sace kafin kilomita biyu. A ɗan hura wa sabon iska ya yi siffa, a fara sa bawul, a mayar da bakin taya da babban yatsa, a ƙare a wajen bawul. Mayarwa da ƙarfen cire taya shi ke tsunkule tiyub. Tiyub biyu, faci da sholisho, famfon da ya dace da siririn bawul na keken tsere, makullan alan, masu kwance kusoshin keke, na milimita 4, 5 da 6, mahaɗin sarƙa daidai da yawan giyarka, da ɗan ƙarfen nan da ke riƙe majuyin giya na baya. Wannan na ƙarshe kowane keke da irin nasa, mai gyaran ƙauye ba lallai ya samu ba, kuma faɗuwa ɗaya ta dama tana lanƙwasa shi. In ya lanƙwashe aka sa giya mafi laushi, majuyin zai shiga cikin wayoyin ƙafa, tafiya ta ƙare.

Dokar hanya ba ta da wuya ga namu, dama ake bi kamar Najeriya da Nijar. Fitila da ƙararrawa wajibi ne, da riga mai ƙyalli in dare ya yi a wajen gari. Sa abin sauraro a kunne a kan keke laifi ne mai tara. Hular kwano doka ta wajabta ta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 12, amma babba mai hankali ba ya jiran doka. Abin da ya fi kama baƙo shi ne mahaɗar da babu alama: wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, ko da daga lungu ya fito, kuma ba zai rage gudu ba. Lambar gaggawa 112.

Salla a Yuni tana son tsari. Rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, isha'i ta kusa sha biyu, asuba kuma kafin huɗu. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗawa, ya tambayi malaminsa kafin ya taso, domin barcin awa huɗu ba ya ɗaukar kilomita 70. Alƙibla kudu maso gabas take.

Bayan Tours akwai lambun Villandry, inda aka shuka kabeji da latas a tsare kamar zanen hula, sai Chinon, sai Fontevraud inda kabarin Sarki Richard na Ingila yake, wanda ya kara da Salahuddin. Wajen Saumur mutane sun fafe farin dutse sun yi gidaje da rumbunan lemar kwaɗi a ciki. Ƙurar farar tsakuwar hanyoyin nan, in ruwa ya taɓa ta, tana zama kamar sanfefa, tana cin robar birki da sarƙa. Kowace yamma a goge sarƙa da tsumma, a ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a goge abin da ya yi saura. A matsa wayoyin ƙafar baya bibbiyu da hannu. Wadda ta saki a ɗaure ta, in ba haka ba maƙwabciyarta ce za ta tsinke. Masaukin da ke da alamar Accueil Vélo yana da wurin kulle keke da kayan gyara, kuma a Yuli da Agusta sai an kama ɗaki tun da wuri.

Daga Angers zuwa Nantes shato sun ragu, kogi ya faɗaɗa, iska ta ƙaru. Bayan Nantes akwai jirgin fito tsakanin Couëron da Le Pellerin, kyauta ne, ana shiga da keke. Daga nan sai bakin tsohuwar mashigar ruwa da fadama har Saint-Brevin, inda ruwan ya koma gishiri. Tashar jirgin ƙasa tana tsallake, a Saint-Nazaire, kuma gadar da ta haɗa su ta wuce kilomita uku, tana da tsayi, gefen keke siriri ne, manyan motoci na wucewa dab da kafaɗa. Ranar da ake iska kada a hau ta da kaya. A tambayi ofishin baƙi na garin yadda ake tsallakar da keke a mota, kuma a duba tun da dare ko jirgin da za a bi zuwa Orléans yana buƙatar a kama wa keke wuri.